Yayen Sadiyya

Cikin wata guda aka kawo wa Habsatu uwarta, aka kuma kawo mata yaye. Ta wayi gari da mutum biyu a tsakar gida, ɗaya ba ta cika shekara biyu ba, ɗaya ta haura tamanin, kuma kamar sun haɗa baki, kowacce ta ƙi abinci.

Uwar ce ta fara zuwa. Inna Fadima a gidan autanta Rabi'u take zaune tun rasuwar mijinta, can bayan tasha. To an gama girbi, gero ya shiga rumbu, mazan Matameye suka fara ɗaure jaka yadda suka saba, wannan Kano, wannan Legas, wancan Fatakwal. Rabi'u ya ce bana da matarsa zai tafi, wai ya samu ɗaki. Sauran 'yan'uwan kowa ya kawo nasa uzurin, uzuri kuwa ba ya yi wa mutum wuya idan ana maganar jinyar tsohuwa. Aka duba aka duba, aka ce ai ga Habsatu nan, mijinta Mahamadu ya riga ya wuce cin rani, gida fayau, ba ta da aikin komai. Ba ta da aikin komai! Matar da tun sassafe take kan suyar gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta toya ƙuli, kafin la'asar ta aika da shi kasuwa. Amma haka aka yanke, aka ɗora tsohuwa a amalanke da tabarmarta da butarta da ƙullin kayanta, aka sauke ta a ƙofar gida.

Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa Habsatu 'yar fari ce. Ko sun tuna, sun ɗauka abin ya wuce, tunda uwa ta tsufa 'yar ma ta yi furfura. Bai wuce ba. Inna mutuniyar zamanin da ce, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da ta haifi Habsatu ba ta taɓa kiran sunanta ba. In ta kama dole sai ta ce "ke", in da mutane a wurin ta ce "waccan". Ba ta taɓa goya ta a gaban jama'a ba, ba su taɓa sa hannu a ƙwarya ɗaya ba. Ranar yaye kakarta ta wajen uba ta zo ta tafi da ita Icirnawa, wai kwana kaɗan za ta yi, kwana kaɗan ɗin nan bai ƙare ba sai da aka kai ta ɗakin miji. Ta tashi tana ganin Inna ranar sallah da ranar biki, wata doguwar mace mai kawar da kai, wadda za ta raba wa 'ya'yan maƙwabta alewa ta wuce ta.

Yanzu doguwar macen nan ta rankwafa, hannu yana rawa, hankali yana zuwa yana tafiya. Ta kan manta ta yi azahar ta sake yi. Ta kan tambayi mijinta da ya rasu shekaru da yawa ko ya dawo daga gona. Abu ɗaya ne dai ba ta manta ba: da zarar Habsatu ta durƙusa gabanta da kwano, sai ta ja mayafi ta juya fuska ga bango.

"Inna, ga kunu."

Inna ba ta juyo ba.

"Inna, da zafinsa. Na sa miki tsamiya yadda kike so."

"A ajiye."

A ajiye ɗin, in an dawo a tarar ya yi sanyi, ko ta gwada ɗauka ya zube mata a zane. 'Yar fari, kuma gidan suruki. Abu biyu sun haɗu mata, ko wanne ya isa ya rufe mata baki. Maryam maƙwabciya ta riƙa shigowa tana ba ta, sai ta karɓi ludayi biyu ta ce ta ƙoshi, ai ita baƙuwa ce. Maryam ɗin ma da nata gidan, ƙafarta ta fara raguwa, ba kuma wanda zai ga laifinta.

Habsatu ta ɗauki kabu-kabu ta kai Inna asibiti. Ma'aikaciyar ta duba ido, ta duba harshe, ta sa mata sarum, wato ƙarin ruwa, sannan ta ja Habsatu gefe ta ce wannan ba ciwo ba ne da za a rubuta wa magani, tsufa ne da yunwa. In tsohuwar nan ba ta koma cin abinci ba, kada a sa ran za ta ga damina. Habsatu ta ce to. Me za ta ce? Ta gaya wa yarinyar nan, wadda 'yar cikinta ma ta girme ta, cewa uwarta ta gwammace ta mutu da ta buɗe baki a gabanta?

Ana cikin haka Najaha ta iso daga Ɗan Barto da goyo.

Najaha ita ce 'yar farin Habsatu, kuma kada ka ce wai don Habsatu ta sha wannan ɗacin ta sauwaƙe wa tata. Ina! Yadda aka yi mata haka ta yi. Ita ma ba ta kiran sunan, "'yar Ɗan Barto" take ce mata tun da aka aurar da ita ga Yasin a can. Ita ma ranar yaye ƙanwar Mahamadu ta zo ta tafi da yarinyar Kance, ba a dawo da ita ba sai da ta isa shiga lakwal, makarantar boko. Habsatu tana tsaye bakin murhu aka fita da ita, ta dai ƙona tuwon ranar.

Najaha ta sauke Sadiyya, ta ajiye ledar kayanta, ta gaida Inna, ta gaida uwarta kanta a ƙasa. Ciki ne da ita ƙarami, shi ya sa aka hanzarta yayen. Ta miƙo kwalbar rubutun sha da malami ya yi wa yarinyar don ta manta nono.

"Iya, Yasin ya ce a gaishe ki. Ya ce kuma..." Ta tsaya tana murza bakin mayafi. "Ya ce in kin ga za ki riƙe ta gaba ɗaya, ki riƙe. Taki ce."

"To, a ce ina amsawa."

Aka ba Sadiyya guntun rake tana tsotsa, uwar ta zame ta fita ba sallama, yadda ake yi. Habsatu ta ga ta daɗe a zaure kafin ta ji tashin babur. Ta yi kamar ba ta gani ba.

Kwanakin da suka biyo baya Habsatu ba ta son tuna su. Sadiyya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da kukan ya ƙare kuma sai taurin kai ya karɓa. Yarinyar tana daidai shekarun da bakin yaro bai san komai ba sai "a'a". A ba ta kunu, a'a. A sa mata riga, a'a. A ɗauke kwanon kuma ta fashe da ihu, ita a bar ta ta ci da kanta, ta tsoma hannu har gwiwa ta shafe fuska ta shafe bango. Ga tsohuwa can a ɗaki ta juya baya, ga wannan a tsakar gida tana birgima, ga tunkuza a turmi tana jiran matsa, ga masu sayen mai suna sallama. Habsatu ta tsaya wata rana da ludayi a hannu ta rasa wanda za ta nufa. Ta ce a ranta, yaro yana faɗa don a bar shi ya yi da kansa, tsoho yana faɗa don kada a ga ya kasa, ita ta tsakiya ba wanda ya tambaye ta ko me take so. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta kuma ji haushin su duka, har da Mahamadu da ke kiranta a waya daga Fatakwal yana cewa ta yi haƙuri lada ne.

Wata hantsi tana durƙushe tana matsar mai, sai ta lura gidan ya yi tsit. Shirun yaro mai rarrafe da gudu ba alheri ba ne, ta san wannan. Ta miƙe za ta duba bakin randa, sai ta ji murya daga ɗaki, wata murya mai laushi da ba ta san Inna tana da ita ba.

"Habsatu."

"Na'am!"

Kafin ta yi tunani bakinta ya amsa. Ta tsaya cak, hannu duk mai. Shekara hamsin da wani abu tana jiran wannan kiran, har ta daina sanin tana jira. Ta goge hannu a zane ta nufi ƙofa.

Ba ita ake kira ba. Inna tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, Sadiyya a kan cinyarta da ɗan kwanonta na ɗumame. Tsohuwar tana shafa mata kai.

"Habsatu, 'yar ƙaramata. Wa ya yi miki wannan kitson mara kyau?"

Sadiyya ba ruwanta da kitso. Ta dumbuzo tuwo da hannu ta kai bakin tsohuwar, ta ce da ƙarfi, yadda ake yi mata kullum, "Ci!"

Inna ta buɗe baki ta ci. Aka sake dumbuzowa ta ci. Rabi yana shiga rabi yana zuba a ƙirji, amma tana ci, har tana dariya da dasashi. Habsatu ta ja da baya a hankali kada inuwarta ta faɗa ƙofar. Ta koma bakin turmi ta zauna, mai yana tsiyaya ba ta tara ba.

Daga ranar aka samu hanya. Habsatu za ta cika kwanon Sadiyya da abin da ya ishi mutum biyu, tuwo mai laushi, ko fura da nono, ko dankali da ta murje, ta ce, "Je ki ba Inna." Wannan aikin kam ba ta taɓa ce masa a'a ba, ta samu wanda take iko da shi. Sai ta tafi tana tangaɗi da kwano hannu biyu. Ita kuma Habsatu ta ɗauko gyaɗar ɓara ta zauna jikin bango daga waje, inda ba a ganinta amma tana jin komai.

Abin da ta ji a jikin bangon nan ya fi abin da ta ji daga bakin uwarta duk tsawon rayuwarta. A wurin Inna shekarun sun naɗe, ita amarya ce mai haihuwar fari, wannan kuma 'yarta ce, ba kowa a ɗakin balle ta ji kunya. Tana yi mata waƙar reno. Tana ƙirga mata yatsu. Tana kiran sunan nan, ta kira ta sake kira, kamar mai biyan azumin da ya sha.

"Kakarki ta ce za ta tahi da ke Icirnawa," in ji ta wata rana, ƙasa-ƙasa. "In sun zo zan ɓoye ki bayan randa. Ki yi shiru, kin ji?"

Wata rana kuma lokacin ya gurgusa mata gaba, ta ce, "Na je fa, har Icirnawa. Ba wanda ya sani. Na ce itace zan yi, na bi hanya da ƙafa, rigata duk ta jiƙe. Na leƙa ta danga na gan ki kina cin ƙasa. Ban shiga ba. In na shiga me za a ce da ni?"

Habsatu ta bar ɓarar gyaɗar. Ita ma ta taɓa shiga mota zuwa Kance da sunan sayen barkono, ta tsaya a bakin wani lungu har ta hango Najaha an ɗauko ta daga wanka, ta juyo ba barkono. Ita da ta san wannan zafin a jikinta, ko sau ɗaya ba ta taɓa kawowa a ranta cewa doguwar macen nan mai raba alewa ta san shi ba. Ta yi kuka a jikin bangon, na daɗi ne ko na takaici ba ta tantance ba. Kuma gaskiyar magana, ta ji kishin Sadiyya. Mace da jika, tana kishin yarinyar da ko tsarki ba ta iya ba, don an ɗora ta a cinyar da ita ba ta samu ba.

Inna ta fara murmurewa. Kumatu suka ɗan ciko, ta fara fitowa bakin ƙofa shan hantsi. In Habsatu ta gifta dai har yanzu sai ta ja mayafi, wannan bai canza ba. Sadiyya ma ta manta nono, ta yi ɓul-ɓul, ta koyi cewa "Kaka". Yaye ya yi, duk unguwa ta san ya yi. Lokacin mayar da yarinya ya zo ya wuce, Habsatu ba ta tayar da maganar ba.

Najaha tana kira a waya. Sai ta tambayi jikin Inna, ta tambayi kasuwar mai, ta tambayi awaki, har kazar da ta yi kwanci sai ta tambaya. Mutum ɗaya ce ba za ta tambaya ba. Idan magana ta ƙare kuma ba ta kashewa, sai ta yi shiru a kan layi tana ɓata kuɗinta, har sai muryar Sadiyya ta ratso daga tsakar gida, sannan ta ce, "To Iya, sai an jima." Habsatu ta san wannan dabarar sarai. Duk da haka ta kan ce, "Yarinyar nan ba ta gama sabawa da abinci ba, a ƙara mata kwana biyu." Najaha ta ce to.

Maryam ta ce mata, "Ke kam me kike wahalar da kanki? Ubanta ya ba ki. Uwarta ga wani cikin nan tafe, me za ta yi da biyu? Ki riƙe abarki. Kowa a garin nan wani ne ya riƙe shi, mun mutu?"

Rabi'u ma ya kira daga Legas, da ya ji labari ya ce, "Yaya, don Allah kada ki bari a ɗauke yarinyar nan. In aka ɗauke ta, Inna ta koma gidan jiya, alhakin wa?" Mai sauƙin faɗa daga Legas. Amma gaskiya ya faɗa, Habsatu ta sani. In Sadiyya ta tafi, hannun da Inna ta yarda da shi ya tafi. Kuma akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba: in Sadiyya ta tafi, ba za ta ƙara jin sunanta a wannan bakin ba.

Ranar kasuwa Najaha ta zo ba sanarwa. Ta ce awon ciki ta zo, ta ga ya kamata ta biyo ta gaida Inna. Ciki ya fito, ita kuma ta rame, wuya duk ƙashi. Sadiyya tana tsakar gida tana wasa da murfin tukunya tare da yaran Maryam. Ta ɗaga kai ta kalli mai shigowa. Habsatu ta zaci za ta ruga da gudu. Ba ta ruga ba. Ta sa yatsa a baki ta kalle ta, ta kalle ta, sannan ta zagayo ta ɓuya a bayan zanen Habsatu tana leƙe.

Najaha ta yi murmushi, murmushin da bai wuce leɓe ba. Ta buɗe jaka ta fito da biskit, ta ba babban yaron Maryam, ta ba ƙaramin, ta shafa musu kai. Ragowar ta ajiye a kan turmi ba ta ce na wane ne ba, ta kawar da kai ta wuce ɗakin Inna.

Habsatu ta bi bayanta da ido. Ta san wannan tafiyar. Daga ƙasa ta saba ganinta, tana riƙe da zanen kakarta a Icirnawa ranar sallah. Ta duba ƙasa, ga wata riƙe da nata zanen, tana kallon uwarta kamar mai tallan da ta shigo gida. Nan da shekara hamsin wannan ce za ta durƙusa da kwano a gaban waccan.

Ba ta yi dogon tunani ba, gajiya ma ba za ta bar ta ba. Ta shiga ɗakinta ta tattara 'yan riguna da takalmin roba da ɗan kwanon, ta zuba a ledar da aka kawo su. Ta fito ta tarar Najaha ta gama gaisuwa tana gyara mayafi za ta tafi.

"Najaha."

Najaha ta waiwaya bayanta, ta ɗauka wata ce ta shigo. Sannan ta juyo ta kalli uwarta baki buɗe. Sunan ya yi wa Habsatu nauyi a harshe, ita da kanta ta ji kamar ta yi saɓo.

"Ɗauki 'yarki ku tahi."

"Iya... ai Yasin ya ce..."

"Na ji abin da Yasin ya ce. Ke me kika ce?"

Hawaye ne kawai suka zubo wa Najaha, ta sa bakin mayafi tana gogewa suna ƙaruwa. Can ta ce, "To Inna fa? An ce sai a hannunta take ci."

"Uwata ce, ba uwar Sadiyya ba. Ki goya ta tun da rana, kada ku rasa mota. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi. Kwana biyu ne ta tuna ki."

Da a ce Sadiyya ta tsaya inda take, da an fita lafiya. To da ta ga baƙuwa ta miƙo hannu, sai ta kwasa a guje ta faɗa ɗakin Inna ta haye cinya. Dole a can aka je ɗauko ta. Inna ta ga leda, ta ga mace da majanyi a hannu, ta gane abin da ake shirin yi. Ta ƙanƙame yarinyar da hannuwan nan masu rawa, wani ƙarfi ya zo mata wanda ba a san inda ta ajiye shi ba.

"A'a! Ba inda za ku da ita! Ban yarda ba, ku gaya wa uwar mijina ban yarda ba! Ni na haife ta!"

Habsatu ce ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa riƙe hannun uwarta haka ba sai ranar. Yarinya tana ihu, tsohuwa tana ihu, Najaha tana kuka tana ɗaure majanyi. Maryam ta leƙo ta katanga tana salati. Har suka kai zaure muryar tana bin su.

"Habsatu! Ku maido mini Habsatu!"

Duk unguwar ta ji. Matar da ta yi shekara hamsin ba ta furta sunan a gaban ko kaza ba.

Bayan la'asar gidan ya koma shiru, shirun da ba na ɓarnar yaro ba. Inna ta rarrafo bakin ƙofa ta zauna tana kallon zaure, kuka ya ƙare sai ajiyar zuciya. Tunkuzar ranar ta sandare a turmi, mai bai fita ba, asarar yini guda. Habsatu ta dama kunu don dai hannunta ya saba damawa a wannan lokacin. Ta zo ta zauna a gefen tabarmar, ba durƙuso ba, zama. Ta jira a ja mayafi a juya mata baya.

Ba a ja ba. Inna ta juyo ta dube ta, ido cikin ido, ta daɗe tana dubanta. Habsatu ba ta taɓa sanin ƙwayar idon uwarta tana da ɗan ja-ja ba.

"Baiwar Allah, daga ina?"

Habsatu ta gyara riƙon kwanon. "Nan unguwar nake."

"Kin ga sun tahi mini da yarinya."

"Na gani."

"'Yar fari ce. An ce ba a magana." Ta share hanci da bayan hannu. "Habsatu sunanta. Ba ta son kunu sai da tsamiya."

Habsatu ta kalli kwanon da ke hannunta. Ashe ba Inna ce mai son tsamiyar ba.

"Kina ganin za su kula da ita can?"

"Za su kula da ita. Za ta girma, ta yi aure, ta haihu. Har jika za ta gani."

"Za ta san ni kuwa?"

"Za ta san ki, Inna."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, kamar an sauke mata kaya. Habsatu ta ɗebo kunu a ludayi ta hura, ta miƙa, ba don tana sa rai ba. Inna ta buɗe baki ta sha. Ta sake ɗebowa, ta sha. Haka suka yi ta yi har ludayi ya fara kartar gindin kwano. Habsatu ta sa bakin zanenta ta goge mata haɓa, ta bari aka goge.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Inna, "ke ko 'yar wace ce. Uwarki ta yi sa'a."

"Amin."

Ta kwantar da ita, ta ja mata mayafi, ta fito da kwanon ta jiƙa a ruwa. Gobe hankalin tsohuwar zai iya dawowa, ta ga 'yar farinta da kwano, ta juya ga bango. Ba wanda ya san ta inda zai waye. Habsatu ta ɗauki buta ta yi alwala, ta tayar da magariba a tsakar gida kusa da turmin da ba ta wanke ba. Da ta sallame ta ɗaga hannu, sai ta ji bakinta yana roƙon Allah kada gobe uwarta ta gane ta.